Buzuzun Misis Magret

Buzuzu goma sha ɗaya aka ba ni amana. Nawa na kaina guda arba'in ne, na saye su a leda ɗaya a hannun wani Bamisire mai sari a New York. Gidajen da suke buɗe mini ƙofa a unguwar Irving Park kuwa goma sha huɗu ne, shekara shida na yi ina tara su ɗaya bayan ɗaya, kuma da su nake ciyar da ku. Cikin wata guda na dagula duka da hannuna, a shekarar da aka yaye 'yar'uwarku Zainab. Kun sha jin labarin a bakin mutanen masallaci, kowa da irin nasa. Wanda kuka fi ji shi ne wai mahaifiyarku ce ta share dukiyar Fir'auna ta zuba a bola. Ba ita ba ce. Ga yadda aka yi.

Ku da kuka tashi a Greensboro ba ku san buzuzu ba. Ƙwaro ne baƙi da yake dunƙula kashin shanu ya riƙa mirgina shi da ƙafafunsa na baya, a gida ko yara ba sa kula shi. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun dube shi suka ce haka ake mirgino rana kowace safiya, sai suka riƙa sassaƙa siffarsa da wani dutse mai laushi, ɗan ƙarami kamar ƙwallon dabino. Bayansa fukafukai, cikinsa a baje da 'yan zane-zane, an huda shi daga kai zuwa gindi don a zura zare. Suna rataya shi a matsayin laya, wasu su yi hatimi da shi. Har gobe akwai masu sassaƙa shi a can, da irin dutsen, da irin zanen, suna sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido. Nawa arba'in ɗin irin waɗannan ne.

Kun taso kun same ni da harkar motoci, amma kafin motoci kayan gargajiya nake sayarwa: duwatsun wuya, sassaƙe-sassaƙe, tagulla, tsofaffin ƙofofin rumbu. A kasuwar Kurmi na koyi aikin wurin ƙanen mahaifina, na yi Legas, na yi Abijan, na yi gefen titi a New York, sannan na gangaro nan saboda haya ta fi sauƙi kuma mutanenmu sun fara taruwa. Zan gaya muku gaskiyar sana'ar, ban zo wanke kaina ba. Bature ba ya son sabon abu. In ka miƙa masa sassaƙar da aka gama jiya zai juya ta ya ajiye. In ka rataye ta a madafa wata uku ta sha hayaƙi, ka murza mata toka da man kaɗanya, ka fesa mata ruwan goro, to zai rungume ta ya tambayi sunan ƙauyensu. Mukan ce an ba kaya shekaru. Kuma kaya ba ya tafiya babu labari. Ni da hannuna na rubuta 'yan takardu ba adadi, cewa wannan na wani sarkin ƙauye ne, wancan daga ɗakin wata tsohuwa aka fito da shi. In jiƙa takardar a shayi, in shanya ta a bayan firji, da safe ta tashi kamar ta girmi kakana. Saboda haka a wurina duk takardar da na gani ɗaure da kaya, wani ɗan'uwana dillali ne ya rubuta ta. Ku riƙe wannan, in ba haka ba za ku ɗauka ubanku mahaukaci ne.

Misis Magret tsohuwar Baturiya ce, mijinta ya rasu, ita kaɗai a wani gida mai ɗaki tara. A kasuwar gwanjo ta ranar Asabar muka haɗu. Ta sayi faifai biyu, ta gyara mini Turancina sau uku kafin ta bar teburina, mako ya zagayo ta dawo da ƙawarta. Ita ce ta fara shigar da ni gidanta ta ƙofar gaba, ta zaunar da ni a falo, ta ce wa maƙwabtanta Mista Lawan mutum ne da za ka bar masa makullin gidanka. Daga bakinta na samu sauran gidajen. A can ba sayarwa kawai nake yi ba. In an yi rasuwa ko za a tashi, ni ake kira in kwashe kaya in sayar, in cire la'adata in kawo saura, ba wanda yake bin bayana. A wannan unguwa ba kaya ne jarinka ba, abin da tsofaffin mata suke faɗa a kanka wajen shan shayi shi ne jarinka.

A farkon bazarar shekarar ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu. Ɗanta ya zo daga wani gari, mutum mai duba agogo kafin ya amsa gaisuwa, ya yanke shawarar a mai da ita gidan kula da tsofaffi a sayar da gidan. Ya kira ni, ya nuna mini ɗakin karatun kakansa da yatsa, ya ce duk abin da ke ciki in kwashe cikin kwana uku in sayar. Na kwashe na kawo garejinmu. A ƙasan wata durowa na sami ɗan akwatin taba na katako. Na buɗe, ga auduga, ga buzuzu goma sha ɗaya a jere, kowanne an zura masa zare an ɗaura wata 'yar takarda mai rubutun alƙalami, tawadar ta koma ruwan ƙasa. A murfin kuma wasiƙa ce a naɗe gida huɗu. Na ɗaga takarda ɗaya ga haske, na shinshina ta, na yi dariya ni kaɗai. Na ce a raina, wannan ɗan'uwa ya iya aiki, ko wane shayi ya yi amfani da shi? Na ɗauki almakashi na yanke zarurrukan, na dunƙule takardun da wasiƙar na jefa a kwandon shara. Akwatin na zuba ƙusoshi a ciki.

Nawa arba'in ɗin sun daɗe ba su motsa ba, saboda sun yi kore shar, sabuntarsu tana ihu. Tun watannin baya na ɗauki magagari na ɗan ɓantare fukafukin guda biyar don su yi kama da waɗanda suka sha duniya, duk da haka ba mai tayawa. Na Misis Magret kuwa sun koɗe, sun yi fari-fari. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ta ciyar da ni shekara ashirin: in haɗa su duka in ba su launi ɗaya, in yi sarƙoƙin wuya da su, in na sayar in ware mata kason goma sha ɗaya. A ganina ma alheri nake yi mata. Na dafa shayi mai kauri, na zuba su duka hamsin da ɗaya suka kwana uku a ciki, na tsame na murje su da toka, na bi su da man kaɗanya. Mahaifiyarku ta leƙo gareji da Zainab a goye, ta tarar da ni tsugune.

"Alhaji, duk halittun Allah Fir'auna bai ga na ratayawa ba sai mai tura kashi. Kai kuma ka rasa inda za ka jiƙa su sai a kwanon kwaɓin fulawata."

Na ce mata zan sayo mata wani. Aiki ya yi kyau ƙwarai, da suka bushe sai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Na yi sarƙa tara, buzuzu ɗaya a tsakiyar kowace, cikin Asabar biyu suka ƙare.

Ranar Litinin da hantsi waya ta yi ƙara. Misis Magret ce daga gidan tsofaffi, muryarta ta yi rauni amma maganarta a tsaye.

"Mista Lawan, akwai wani ɗan akwatin taba a kayan da ɗana ya ba ka. Ba na sayarwa ba ne, shi bai sani ba. Mahaifina ne ya zo da su daga Masar tun ba a haife ni ba, shi ya rubuta takardun da hannunsa. Na Keti ne, jikata. Za ta zo ƙarshen wata."

Na ce mata akwatin yana nan. Ban yi ƙarya ba, yana nan cike da ƙusoshi.

Na ruga wajen kwandon shara ko da yake na san motar shara ta zo sau biyu tun ranar. Na dawo na shimfiɗa tabarma a bakin gareji inda rana take, na zube arba'in da biyun da suka rage. Ban tsorata sosai ba a lokacin, don na yarda da idona. Ni ne dillalai suke kawo wa tagulla in ɗaga sau ɗaya in ce ta jiya ce ko ta shekara ɗari. Na ware goma sha ɗaya, na shiga na yi azahar, na dawo na dube su, sai na ga ba su ba ne. Na sake warewa, huɗu ne kawai suka maimaita. Na gwada nauyi a tafin hannu, na ɗora a harshe, na leƙa hudar da tocila. Wanda na rantse tsoho ne da safe, da la'asar sai ya yi mini kama da na Bamisire. Na yi ƙoƙarin tuna yadda suke kwance a audugar, me aka zana a cikinsu, sai na gane ban taɓa juya ko ɗaya na dubi cikinsa ba. Takardun na duba, su ma don in yaba wa wanda ya rubuta. Kwana uku ina wannan, in na rufe ido buzuzu nake gani suna canza wuri.

A rana ta huɗu na kira Alhaji Isufu. Kun san shi, Badamagaren nan da muka kwana ɗaki ɗaya a New York, wanda bai taɓa kirana da sunana ba. Ya zo ya tsuguna a kan tabarmar, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Bakano, shekara ashirin kana sayar wa Bature tsufa. Yau tsufa ya tako da ƙafarsa har gidanka, ka jiƙa shi a shayi."

Da ya gama sai ya koma dillali. Ya ce matsalar ba ta kai ta hana ni cin tuwo ba. Tsohuwa ba ta gani sosai, yarinya ba ta taɓa ganinsu ba, wanda ya rubuta takardun ya daɗe a ƙasa.

"Zaɓi goma sha ɗaya masu kyau, ɗauki bik da takarda, kai da ka fi mahaifinta iya rubutun da. Ka fidda ƙusoshinka, ka sa auduga. An gama."

Sai ya tambaye ni, shi fa abin da bai gane ba, yaya mutum kamata zai zubar da takarda bai karanta ba. A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Kunya ta rufe ni a gaban Badamagare, bakina ya riga ni, na ce ai Hajiya ce ta share gareji ba na nan. Kafin Juma'a magana ta zaga East Greensboro. A wani suna da aka yi ranar Lahadi, mata suka riƙa ce mata ta zo ta share musu ɗaki ko za a dace da zinariya.

Kafin in bi shawarar Isufu na gwada bin sawun sarƙoƙi taran. A kasuwar gwanjo ba mai ba da suna, a miƙa kuɗi a wuce. Fuska biyu kawai na iya tunawa. Ɗaya wata mata ce mai zuwa duk Asabar, na gan ta da sarƙar a wuyanta. Nan na yi kuskuren da ko ɗan koyo ba zai yi ba, na taya ninki uku na abin da ta biya tun kafin ta buɗe baki. Ta dafe wuyanta, ta dube ni, ta ce za ta yi tunani. Ban sake ganinta a kasuwar ba. Ɗayan wani ɗalibin jami'a ne, na same shi a tashar bas, ya cire ya ba ni na ba shi ƙaramar ganga, har yana godiya. Na dawo gida da buzuzu ɗaya wanda ban san ko na waye ba. Suka zama arba'in da uku.

Takardun kuma na fara su, kada ku ɗauka ban fara ba. Na yi guda uku, na jiƙa, na jera a bayan firji. Sun yi kyau. Amma da na zo rubuta ta huɗu sai na tsaya, domin ban san me mutumin ya rubuta ba, sunan gari ne ko na sarki ko kwanan wata, kuma 'yarsa ta shekara tamanin tana karanta su. Ido zai iya mutuwa, abin da mutum ya haddace yana yaro ba ya mutuwa. Wannan lissafin ne ya fara tsayar da ni, tsoron Allah daga baya ya iso. Ina tsaye da alƙalami mahaifiyarku ta shigo ɗaukar madara, ta ga abin da ke bayan firji. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Habibu, an ce ni na share, na ɗauka, ban ce wa kowa komai ba. Amma in ka kai wa tsohuwar nan waɗannan, ni da kaina zan hau bas in je in gaya mata, ko da hannu ne zan kwatanta."

Ta ɗauki madararta ta fita. Na yage takardun. Na kuma yi niyyar in gyara maganar sharar ranar Juma'a mai zuwa a gaban mutane. Juma'o'i suka yi ta wucewa har kuka yi aure.

Wani mai sayen kayana ya haɗa ni da wani tsohon farfesa da ya koyar da tarihin mutanen da, ya yi ritaya yana zaune da kyanwowi biyu. Na kai masa su a cikin safa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗauko gilashin ƙara girma da allura. Tambayarsa ta farko ita ce wa ya shafa musu mai. Na ce ni. Ya ce da me kuma. Na lissafa masa, yana rubutawa kamar likita. Ya ce abin da ido yake karantawa a fatar dutse, ƙurar da ta kwanta a cikin zane da yadda launi ya koɗe, duk na wanke na sa nawa. Duk da haka ya yi awa biyu a kansu, ya kasa su kashi uku. Ashirin da biyu ya ce sababbi ne, goma sha huɗu ya ce bai sani ba, bakwai ya ce yana kyautata zaton tsofaffi ne. Zuciyata ta ɗan kwanta, bakwai ma wani abu ne. Sai na duba bakwai ɗin, na ga ɗaya mai ɓantararren fiffike. Da na yi shiru da na fita da bakwai da sunan farfesa a bayansu. Amma na riga na gaji da rashin sani, ina so ko abu ɗaya ya tsaya. Na ce masa wannan ni na ɓantare shi da magagari. Ya cire tabarau, ya sa gefen hannunsa ya ture kashi ukun suka koma tari ɗaya. Ya ce in haka ne shi ba zai sa hannu a kan ko ɗaya ba.

Yana raka ni ƙofa na ba shi labarin takardun da na zubar, ya ƙara mini wata wadda ta fi.

"Ko da takardun suna nan, abin da za su faɗa shi ne inda mahaifin matar ya saya da lokacin da ya saya. Wannan babban abu ne, shi ke nuna ba satowa aka yi ba, shi ke ba su daraja. Amma tun zamanin mahaifinta ake sassaƙa wa baƙi sababbi a bakin kogin Nilu. Wataƙila goma sha ɗayan duka na gaske ne. Wataƙila babu ko ɗaya."

Na tuƙa mota har Elm Street na tsaya a gefen titi, na rasa ma ina na nufa. Ashe zai yiwu mahaifin Misis Magret ya gamu da Lawan na zamaninsa. To me na ɓatar ke nan? Kayan shekara dubu uku, ko kayan wani talaka mai magagari irina? In na je neman gafara, gafarar me zan nema, kuma ta nawa? Na zauna har mai duba motoci ya ƙwanƙwasa mini gilashi.

Ranar da Keti ta iso na tafi bayan azahar, da akwatin taba babu ƙusa, da farantin mahaifiyarku na baƙi. Misis Magret tana kan keken guragu a bakin taga, ta rame. Keti budurwa ce doguwa, ta miƙe ta ba ni kujera. Ban zauna ba. Na zube arba'in da uku a faranti, na faɗi komai daga almakashi har man kaɗanya, da taran da na sayar, da abin da farfesa ya ce. Na gaya musu ni na yi, ba wani ba. Keti ta tambaye ni sau biyu ko na karanta wasiƙar kafin in jefar, sau biyu na ce a'a. Ta juya tana kallon waje. Tsohuwar ta ce in ɗora mata farantin a cinya. Ba ta dube su ba, yatsunta ne suka shiga bi ɗaya bayan ɗaya. Tana bi tana ba jikarta labari, ba ni ba, cewa ranar Lahadi mahaifinta yakan fito da su ta jera su a kan darduma kamar shanu, kowanne da sunan da ta raɗa masa. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta shinshina ta ce warin kitso yake yi. Can sai hannunta ya tsaya a kan ɗaya mai ɓantararren fiffike.

"Ga shi nan. Ni na yar da shi a kan matakala ina 'yar shekara shida. Wata guda Baba ya hana ni taɓa su."

Na ce, "Misis, akwai waɗanda ni na ɓantare da hannuna. Ban san ko wannan..."

"Ban tambaye ka ba, Mista Lawan."

Ta rufe hannunta a kansa. Ni kuma idona ya koma kan farantin, na shiga ƙirga masu ɓantararren fiffike, abin da ban taɓa yi ba duk kwanakin nan don na ɗauka na san adadinsu. Biyar a faranti, ɗaya a hannunta. Shida. Biyar na ɓantare. Ko shida ne na manta? Ko cikin waɗanda na sayar akwai wasu? Wanda na nuna wa farfesa har ya ture aikinsa na awa biyu, nawa ne ko nata? Na ƙirga sau uku, shida dai. Na buɗe baki in faɗa, sai na rasa wa zan faɗa wa, kuma me zai ƙara.

Keti ta roƙe ni, cikin ladabi mai sanyi, in rubuta duk abin da na yi wa duwatsun in sa hannu, don in ta kai su wani wuri a san abin da ya same su. Na rubuta a farar takarda da ta yago daga littafinta. Ta kwashe duka a akwatin. Ko ta kai su, ko me aka ce mata, ban taɓa ji ba. Misis Magret ba ta sake kirana ba, ni ma ban sami fuskar komawa ba. A bakin mai yankan ciyawar unguwar na ji rasuwarta shekarar da ta biyo.

Ɗanta bai kai ni kotu ba, waya kawai ya ɗauka ya kira maƙwabtansu. Na kai masa kuɗin sauran kayan ɗakin cif, ya karɓa a bakin ƙofa. Kafin sanyi ya shigo, gidaje goma sha huɗu sun koma biyu, su ma ba sa barina ni kaɗai a ɗaki. Da wannan ne kaɗai da na jure, unguwanni suna da yawa. Abin da ya fitar da ni daga sana'ar shi ne hannuna ya koyi jinkiri. A kawo mini tagulla, in ɗaga, in juya, in sake juyawa, mai kaya yana kallona. Dillalin da ya juya kaya sau uku ya gama yawo. Na sallama wa Isufu abin da ya rage a gareji, na fara tura tsofaffin motoci Kwatano, kayan da lambarsa take buge a jikin ƙarfe.

To ga yadda na tashi. A gefen asara, gida goma sha biyu, da sana'ar da na gada, da yardar matar da ta fara zaunar da ni a falo a ƙasar nan. A gefen riba, motoci sun kawo abin da sassaƙa ba ta taɓa kawowa ba, da su kuka yi karatu, da su aka sayi gidan nan. Amanar kanta ce na rasa gefen da zan sa ta. An ba ni goma sha ɗaya, na mayar da arba'in da uku, takwas suna wuyan mutanen da ban sani ba. Ko an yi mugun rashin sa'a, uku nata suna cikin abin da na mayar. In an yi sa'a, duka suna ciki, na biya har da ƙari. In kuma tun farko babu na gaske, to na rasa unguwa guda a kan abin da zan iya yi a garejina cikin kwana uku. Ni mutum ne da ba a taɓa cutarsa a lissafi ba, daga Kurmi har nan. Wannan na juya shi ta kowace fuska, bai fita ba.